Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Ɗalibanmu Domin Tambayoyin Muhalli A Jarrabawar Kammala Sakandare

Jawabin kwamitin ilimi na reshe a taron malamai da iyalansu na farkon shekarar karatu

 

Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wata sabuwar shekarar karatu lafiya. An ɗora wa kwamitin ilimi nauyin yin magana a kan yadda za mu shirya 'yan ajin ƙarshe domin tambayoyin da suka shafi muhalli a jarrabawar WAEC da ta NECO. Wani zai ce an yi gaggawa, tunda WAEC sai watan Mayu da Yuni, NECO kuma tana biye da ita. Amsarmu ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kafin mu zauna za mu nuna cewa wannan fanni, fiye da kowane, yana da lokacin da in ya wuce ba ya dawowa sai wata shekara.

A jadawalin yawancin makarantunmu babu wani darasi guda da ake kira ilimin muhalli. A warwatse yake. Wani ɓangarensa yana cikin bayoloji, inda ake maganar dangantakar halittu da mazauninsu. Wani yana cikin labarin ƙasa, inda ake maganar yanayi da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Kimiyyar noma ta ɗauki nau'o'in ƙasa da kiyaye dazuzzuka, kimistiri kuma ta ɗauki gurɓatar iska da ruwa. Yaron da gidaje huɗu suka haɗu suna riƙo, sau da yawa da yunwa yake kwana, domin kowane gida yana zaton ya ci a wancan. Haka wannan fanni yake a hannunmu. Kowa ya tura shi ƙarshen manhaja, sai jarrabawa ta ƙarato a rubuta wa yara bayanai a allo, a ce su haddace.

Bari mu ba da labarin da ya sa muka zaɓi wannan magana. A wata jarrabawar gwaji da muka duba, an tambayi abubuwan da ke jawo zaizayar ƙasa da hanyoyin magance ta. Wata ɗaliba ta bar wurin amsar fari fat. Da aka raba takardu, ɗaya daga cikinmu ya kira ta, ya tambaye ta da Hausa ko akwai kwazazzabo a garinsu. Ta ce akwai, har ya ci rabin gonar mahaifinta. Ya ce mene ne ya kawo shi? Ta ce tun da aka sare itatuwan gefen rafi, masu tipa suka riƙa ɗibar yashi, shanu kuma suka mayar da wurin hanya, sai ruwa ya sami gurbi. Ya ce to, me mahaifinki ya yi? Ta ce ya jera buhunan ƙasa a bakin wurin, ya dasa gamba, ya daina yin kunya ta bin gangare. Jama'a, cikakkiyar amsa ke nan, dalilai uku da magunguna uku. Yarinyar tana da ilimin. Ba ta dai san cewa abin da ta gani a gonar mahaifinta shi ne aka tambaye ta da Turanci ba, kuma mu da muka shekara uku tare da ita ba mu taɓa gaya mata ba.

Wannan shi ne jigon maganarmu a yau. A fannin muhalli ɗanmu ba baƙo ba ne. Ya ga fari, ya ga ambaliya, ya ɗebo ruwa daga rijiyar da ke ƙara zurfi, ya yi itace a dajin da ke ƙara nisa. Aikinmu shi ne mu haɗa abin da idonsa ya gani da kalmomin da mai jarrabawa yake so, kuma mu fara tun yanzu.

Mun ce tun yanzu ne saboda ɗakin gwajin wannan fanni a waje yake, kuma damina ce take buɗe shi. A waɗannan makonni ciyawa tana kore, kududdufai suna da ruwa. In muka jira sai Maris ko Afrilu, za mu tarar ƙasa ta bushe ƙarau, mu koma zana kududdufi a allo ga yaran da suka wuce ta bakinsa kullum. Saboda haka muna roƙon malaman bayoloji su sauya jerin darussansu, su kawo wannan babi farkon zango.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin aljihun makaranta ba. Sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya, a haɗa su murabba'i, an sami abin ƙidayar tsirrai. A jefa shi sau goma a filin makaranta ba tare da zaɓen wuri ba, a ƙirga tafasar da ta faɗo ciki kowane jifa. In jimillar ta zama 45, yawan tafasa ya zama 4.5 a kowace murabba'in mita. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai rikice ba in an ba shi jadawalin lambobi a jarrabawa, kuma zai iya faɗin dalilin da ya sa ba a zaɓen wurin jifa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa auna ruwan sama, muddin an ajiye shi a fili nesa da bishiya da indararo. Daga nan sai a nuna masa hoton ma'aunin ainihi, mai mazurari da kwalbar awo, wanda shi za a ce ya zana. A kuma gaya masa cewa milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ruwan milimita 20 da aka yi a dare ɗaya, ke nan, ya zuba lita 200,000 a kan hekta guda. Wanda ya yi wannan lissafi ya gane yadda ruwa ke iya kwashe gona.

A kai su bakin kududdufi, amma kada a bar kowa ya shiga, domin dodon koɗin da za su gani a nan shi ne mai ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma wannan ma darasi ne. Su dubi bado da faffaɗan ganyensa a kwance bisa ruwa, da kainuwa da ke yawo ba ta kama ƙasa ba, da talibambam da tsutsar sauro. A hanyar dawowa su dubi tumfafiya mai kaurin ganye, da kuka mai ajiye ruwa a jikinta, da aduwa mai ƙaya. Tambayar yadda halitta ke dacewa da mazauninta ba ta rabuwa da jarrabawa, ga amsarta nan a bakin hanya. A yanke gorar roba uku, a toshe bakinsu da ƙyalle, a zuba jigawa a ɗaya, yumɓu a ɗaya, ƙasar gona mai taki a ɗaya, a zuba ruwa daidai wa daida, a ga wadda ta fi saurin tsiyaya. In hunturu ya shigo, a ɗauki ma'aunin zafi biyu, a naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tazarar da za a gani tsakaninsu ita ke nuna bushewar iska, kuma dalilin da ya sa jiƙaƙƙen ya fi sanyi shi ne dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi.

Haka batun sarƙar abinci. Maimakon misalan dabbobin da yaro bai taɓa gani ba, a ce masa gero, fara, ƙadangare, shaho. A nuna masa cewa kusan kashi goma cikin ɗari ne kawai na kuzari ke hayewa daga mataki zuwa na gaba: in gero na da 10,000, fara ta sami 1,000, ƙadangare 100, shaho 10. Sai a tambaye shi me ya sa fara ta fi shaho yawa, a bar shi ya gano da kansa. A maganar naitirojin, a tuge wake a nuna masa ƙululun da ke jikin saiwa, a ce a nan ƙwayoyin halittar da ke kamo naitirojin daga iska suke zaune, shi ya sa kakanninsa suke haɗa wake da gero a gona ɗaya. A tuna masa da gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, wadda manomi ya san amfanin da ke ƙarƙashinta ya fi kyau.

Sai kuma manyan misalai, waɗanda mai amsa tambayar dogon bayani yake bukata. Muna ba da shawara kowane ɗalibi ya riƙe guda huɗu ko biyar, ya san su ciki da waje.

Na farko Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙanƙance zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan. Tafki ne marar zurfi, mafi yawan ruwansa kuma daga kogin Chari da Logone yake zuwa, saboda haka ƙarancin ruwan sama a can kudu yake janye bakinsa da kilomitoci masu yawa. A koya wa yara cewa yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon shekara, kada su rubuta cewa ya ƙafe.

Na biyu dausayin Haɗeja da Nguru. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun samar da noman rani da ruwan sha, amma sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun da ke ƙasa da su, ciyawar kacalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Duk tambayar da ta ce a kawo amfani da illar madatsun ruwa, wannan misali ya ishe ta. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta ƙara wani darasi mai ɗaci a kan kula da madatsu.

Na uku gubar dalma a Zamfara. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su ana niƙa su, ƙurar mai ɗauke da dalma ta bazu a tsakar gida inda ƙananan yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka rasu. Maganin bai tsaya ga asibiti ba, sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A nan yaro zai ga mafarin gurɓata da hanyar da take bi ta shiga jiki da illarta da maganinta, wato duk abin da mai jarrabawa yake nema a tambaya ɗaya.

Na huɗu labari ne mai daɗi, domin kada yaranmu su ɗauka ilimin muhalli jerin masifu ne. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututturan da ke toho a gonakinsu. Sai su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi fice wajen yaɗa dabarar, amma manoman ne suka yi aikin. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Nijar. A haɗa wannan da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda jihohi goma sha ɗaya na arewacin Nijeriya suke ciki.

Akwai wani ruɗani da muke gani kowace shekara, har a bakin wasunmu. Ɗumamar yanayi daban, lalacewar rufin ozon daban. Ozon yana tare hasken rana mai cutarwa ne, abin da ya illata shi kuma sinadaran da ake sa wa tsofaffin firji da makamantansu, waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta taƙaita. Ɗumama kuwa daga iskar da ke riƙe zafi take, musamman kabon da ke fitowa daga ƙona fetur da gawayi da dazuzzuka. Yawansa a iska ya tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, kuma shi yarjejeniyar Paris ta 2015 take magana a kai. Yaron da ya cakuɗa biyun ya zubar da makinsa.

Yanzu mu zo ga ita kanta takardar. Sanin abu daban, iya amsa shi daban. Hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba jarrabawa, kuma ya kamata kowace makaranta ta mallake shi. Kurakuran da suke nanatawa ba baƙi ba ne a wurinmu: rubuta kalmomin kimiyya ba daidai ba, zane marar kyau, da rashin fahimtar abin da tambaya ta nema. Tambayar da ta ce a ambata, gajeriyar amsa take so. Wadda ta ce a bayyana, tana son dalili da sakamako. Wadda ta ce a bambanta, jadawali take so, kowane batu yana fuskantar takwaransa. In an ce a kawo uku, na huɗu ɓata lokaci ne. Sarƙar abinci da tsiro take farawa, kibiyar kuma tana fita daga wanda aka ci zuwa ga wanda ya ci. Zane da fiƙaƙƙen fensir ake yi, ba a yi masa inuwa, layukan suna da rula ake ja kuma ba sa gittawa juna, a sa take, a sa girman zanen idan aka kwatanta da ainihin abin. Lambar da ba ta da ma'auni a gefenta, milimita ce ko digiri, ba amsa ba ce. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne tazarar da ke tsakanin C6 da D7, wato tsakanin yaron da zai nemi gurbi a jami'a da wanda zai sake zaman shekara.

Kan batun harshe, ra'ayinmu a fili yake. A fahimtar da yaro da Hausa, sa'an nan a ba shi kalmar Turanci, a sa ya furta ta, ya rubuta ta har hannunsa ya saba. Kalmomi goma a mako, shifta ta minti biyar kowace Juma'a, kafin Mayu ya tara kusan ɗari uku. Daga zango na biyu kuma a fara tambayoyin shekarun baya, babi-babi, da agogo a gaba, a duba tare a aji domin kowa ya ga inda maki yake da inda yake zubewa. Muna kuma roƙon malaman darussan nan huɗu a kowace makaranta su zauna sau ɗaya a wannan wata, su raba aikin, a san wanda ya ɗauki me.

Iyayenmu mata da maza da ke wannan zaure, kuna da kaso babba. Ba sai kun iya Turanci ba. Tsohon da ya ga farin 1973 da na 1984 ya fi kowane littafi sanin abin da fari ke yi wa gari. Ku zaunar da jikokinku ku gaya musu itatuwan da suke da yawa a dā yanzu babu, da gaba nawa rijiya take a ƙuruciyarku, da inda dajin ya tsaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Bayan haka, ku ba su lokaci. 'Yar ajin ƙarshe da ta dawo makaranta ta ɗebo ruwa, ta yi girki, ta yi raino, ba ta da sauran ƙarfin karatu in dare ya yi. A rage mata aiki na waɗannan watanni, a sama mata fitila, kuma kada yaro ya tafi ɗakin jarrabawa da yunwa.

Akwai maganar da ba ta da daɗi, amma dole mu faɗe ta a tsakaninmu. Idan jarrabawa ta ƙarato za a zo wa iyaye da zancen cibiyoyin da ake ba da tabbacin ci, za a zo wa malamai da zancen a taimaka wa yara. Wannan ba taimako ba ne. Hukuma tana iya riƙe sakamakon yaro ko ta soke shi, malami yana iya rasa aikin da ya yi shekaru yana yi, ƙungiya kuma ba ta da bakin kare wanda aka kama dumu-dumu. Ko an tsira ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka rubuta wa amsa a kan gurɓatar ruwa, gobe shi ne jami'in lafiyar da zai sa hannu cewa rijiyar unguwarmu tana da kyau, kuma 'ya'yanmu ne za su sha.

Ba mu manta da halin da muke aiki a ciki ba. Mun san ajin da ɗalibai suka cika har taga, mun san ɗakin gwajin da babu komai a cikinsa sai ƙura, mun san makarantar da malamin bayoloji ɗaya ke riƙe da azuzuwa duka. Dabarun da muka lissafa ba su sauke wa hukumomi nauyinsu ba. Za mu ci gaba da neman a ɗauki malaman kimiyya, a kawo kayan gwaji, a biya haƙƙoƙinmu a kan lokaci, kamar yadda wannan ƙungiya take yi tun kafuwarta a 1931. Amma 'yan ajin ƙarshe na bana ba za su jira a biya mana bukatunmu ba. Mayu tana tafe, ciyawa kuma ta fara rawaya.

Saboda haka kwamiti yana roƙon abu uku kafin taronmu na gaba: kowace makaranta ta fita da 'yan ajin ƙarshe fili aƙalla sau biyu kafin kududdufai su ƙafe, malaman darussan huɗu su yi zaman da muka ambata, a kuma fara shiftar Juma'a daga wannan mako. Wanda ya gwada wani abu ya yi masa amfani, ya rubuto wa wannan mujalla domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da nasara ta halal, ya saka wa malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.